Za mu gayyato 'yan fim su gana da masoyansu: yaya ake tsara layin hoto da tambayoyi?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ta matasan unguwa a nan Kano tana shirin gayyato jarumin Kannywood ɗaya da jaruma ɗaya, wataƙila har da mawaƙi, ranar uku ga ƙaramar Sallah, domin su gana da masoyansu. Ɗakin taron da muke nema yana cin mutum kamar 300, baƙin kuma sun nuna ba za su wuce awa biyu tare da mu ba.

Abu biyu ne ya ɗaure mana kai. Na farko hoto: kowa zai so, to ta yaya mutum 300 za su samu ba tare da turereniya ba? Na biyu tambayoyi. Mun san halin mutanenmu, ana miƙa wa mutum makirfo sai ya tambayi abin da zai ɓata wa baƙo rai, ko ya tsaya zuba kirari har lokaci ya ƙare. A bar kowa ya tambayi abin da ya ga dama ne, ko a tace? Kuma waɗanne irin tambayoyi ne ke sa jarumi ya saki jiki ya faɗi abu mai amfani? Masu sanin harkar ku taimaka mana dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara da lissafi kafin komai, domin a nan yawancin masu shirya irin wannan taro ke faɗuwa. Awa biyu minti 120 ne. Addu'ar buɗe taro, gaisuwa da jawabin shugaban ƙungiya za su ci minti 15, in dai an riƙe wa shugaban wuta bai zarce ba. Ka ware minti 40 na tambayoyi, minti 50 na hoto, abin da ya rage na shan ruwa da fitar baƙi. Ka kuma sa taron tsakanin salloli biyu, misali a fara bayan La'asar a tashi kafin Magariba. In sallah ta faɗo a tsakiya, mutane suka fita suka dawo, layin da ka tsara ya rushe ke nan.

Yanzu hoto. In ka bar kowa ya ɗauka da wayarsa, ga yadda abin ke tafiya: ya ciro wayar, ya cire makulli, ya nemo kyamara, ya miƙa wa wani, a ɗauka, ya duba, ya ce bai fito ba a sake. Wannan ba ya kasa sakan 40, sau da yawa minti guda ne cur. Mutum 300 a kan sakan 40 ya kama minti 200, wato sama da awa uku, kai kuwa minti 50 gare ka. Amma in mai hoto ɗaya ne da kyamararsa a kafe, mutum ya shigo, ya tsaya, ƙyas, ya wuce, sakan 10 ya isa, 300 ɗin su ƙare cikin minti 50 daidai. In kana so ka samu sarari, ka riƙa shigo da su biyar-biyar, abokai ko 'yan gida ɗaya. Rukuni 60 a kan sakan 20 minti 20 ne kawai. Don haka doka ta farko da mai gabatarwa zai yi ta nanatawa ita ce babu hoton waya a kan layi.

Mutane za su yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya in ba su san yadda hotonsu zai iso gare su ba. Maganinsa katin lamba. A bakin ƙofa a ba kowa kati mai lamba da manyan baƙaƙe, a rubuta lambar wayarsa a gaban lambar katin a littafi. In ya zo gaban kyamara, a fara ɗaukar sa riƙe da katin, sannan ya sauke a ɗauki na gaske. Da haka mai hoto zai gane na kowa ba tare da ya san fuska ba. In za a tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin in an tura shi kai tsaye manhajar na matse shi ya dusashe. Mai hoton ya zo da batir biyu da katin ajiya biyu. Baƙo ya tsaya yana fuskantar haske. Kada taga ko ƙofa a buɗe ta kasance a bayansa, fuskoki za su fito baƙi ƙirin. A manna salatif a ƙasa wuri biyu, inda baƙo zai tsaya da inda masoyi zai tsaya, kada baƙon ya motsa daga nasa.

Kada a tayar da ɗaki gaba ɗaya. A kira lamba 1 zuwa 20, sauran suna zaune, in sun kusa ƙarewa a kira 21 zuwa 40. A shigo ta dama a fita ta hagu, wanda ya gama kada ya koma ta inda ya fito. Layin mata daban, da mata masu kula da shi.

Batun tsaro kuwa ba na wasa ba ne. Ɗakin da ke cin 300, ka buga kati 250, domin akwai ma'aikatanku, 'yan rakiyar baƙi, da manyan unguwa da ba za ka iya mayarwa ba. Kada a kulle ƙofar fita da kwaɗo don gudun masu satar shiga, a sa mutum biyu su tsaya a kai. Sannan ko da wasa kada a yi shelar cewa baƙo zai raba kuɗi ko kaya. A Disambar 2024 a Ibadan yara 35 suka rasu a turmutsitsi a wajen wani taron da aka yi alƙawarin rabon kuɗi da abinci. Jin kalmar rabo na tara jama'ar da babu katin da zai tsare su. Liƙi ma a hana: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun ga mai wulaƙanta naira, kuma EFCC na kama mutane a kai. Ban da wannan ma, da zarar takarda ta faɗi ƙasa yara za su yi kanta.

Ku kai takarda ofishin 'yan sanda na yankinku aƙalla mako biyu kafin ranar, ku sanar da mai unguwa da Hisbah, ku kuma je Hukumar Tace Fina-finai ta jiha ku ji abin da take buƙata ga taron da ya haɗa 'yan fim da mawaƙa. Ku karɓi amsa a rubuce. 'Yan agaji sun fi samarin unguwa iya tsare layi, domin sun saba da filin Idi da wajen tafsiri, kuma ba su da abokin da za su zura ta gefe.

Wuri mafi haɗari shi ne jikin mota. A cikin ɗaki mutane na zaune, amma da an ce an tashi sai kowa ya yi waje ya kewaye motar. Saboda haka a ajiye ta a ƙofar baya, hancinta na kallon titi, direba na ciki. Baƙi su fita alhali mai gabatarwa na ci gaba da magana, a yi kacici-kacici ko jawabin godiya na minti 10, sannan a rufe da addu'a.

Makirfo mara waya guda biyu da sabon batir, da na waya guda ɗaya a ajiye saboda tsaro. Mai zagayawa da makirfo ya riƙe shi a hannunsa ya kara wa mai tambaya a baki, kada ya sakar masa. Janareta a kai shi nesa da taga.

Malam Na Titin Zoo:

Baban Khalifa ya gama da tsari, bari in ɗauki ɓangaren tambayoyi.

Minti 40 ba ya ɗaukar tambaya fiye da 12 zuwa 15, tunda amsa mai ma'ana na cin minti biyu zuwa uku. Ga baƙi uku kuma, kowa zai samu huɗu ko biyar ke nan. Don haka tacewa dole ce, ko don lokaci. A raba 'yar takarda tare da katin shiga, kowa ya rubuta sunansa, unguwarsu da tambaya ɗaya. Mutum uku su zauna a gefe su ware, su haɗe masu kama da juna. Amma kada mai gabatarwa ya karanta da kansa. A kira mai tambayar da sunansa, ya miƙe, ya karanta abin da ya rubuta. Abin da ya kawo shi ke nan, jarumin ya dube shi ya amsa masa. In ka ƙwace masa wannan, da gidan rediyo ya saurara ma duk ɗaya ne.

Akwai tambayoyin da sai sun fito ko a ina aka yi taron. Wadda ta fi kowacce yawa ita ce "ina so in shiga fim, ka taimaka ka sa ni". Jarumi zai ce in sha Allahu, ka nemi yarona, maganar ta mutu a nan. Ba wulaƙanci ba ne, ba shi ke rabon matsayi ba. Furodusa ne mai kuɗin aiki, darakta ne ke zaɓen wanda ya dace da labari, sai in jarumin shi ma yana da kamfani. A Kano kuma akwai rajista da Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, akwai ƙungiyoyin sana'ar a ƙarƙashin MOPPAN, wato uwar ƙungiyar masu harkar fim, sannan kamfani mai mutunci ba ya ɗaukar yarinya sai da yardar iyayenta. Tunda kun san tambayar za ta zo daga mutum 30, ku mayar da ita guda ɗaya mai amfanar kowa: "wane aiki ka fara yi a lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, kafin a nuna fuskarka, kuma matashin da bai san kowa ba ta ina zai fara yau?" A nan za ku ji gaskiya, cewa da yawa sun fara ne da riƙe fitila, ɗaukar kaya, ko kula da kwantiniti, wato lura da kada sutura da kayan wuri su saɓa daga fitowa zuwa fitowa, kuma masana'antar ta fi ƙishin marubuta, masu sauti da editoci a kan sababbin fuskoki. Mai son karatun abin, akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, akwai kuma sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero.

Ta biyu ita ce kuɗi: nawa ake biyanka, motocinka nawa. Ba za a faɗa ba. Babu tsayayyen farashi a harkar, ya danganta da furodusa, yawan kwanakin aiki da alaƙar da ke tsakani, wani aikin ma na kara ne. In ya ambaci adadi a bainar jama'a ya ɗaure kansa a cinikin gaba, ya tayar da 'yan'uwa masu jiran rabo, ga kuma halin tsaro da ake ciki. Tambayar da za ta ba ku abin da kuke nema ita ce yadda fim ke mayar da kuɗinsa yanzu. Da can kaset ne da faifan CD, dilolin kasuwar Ƙofar Wambai su saya su rarraba. Masu tura fim a waya suka karya wannan kasuwa, aka koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ga tallan kamfanoni a tsakiyar shiri. Duk ɗan fim da ya rayu a zamanin biyu yana da abin faɗa a kan wannan har ku gaji.

Ta uku ita ce ta rigima: me ya haɗa ka da wane, da gaske ne ba kwa ga-maciji da wance. Wannan a jefa ta kwandon shara ba tare da shawara ba. Akwai wayoyi sama da 200 a ɗakin suna ɗauka. Duk abin da ya faɗa za a yanko sakan 15 a watsa a TikTok kafin ya isa gida, ko shiru ya yi za a ce shirun magana ne. Ya san haka, shi ya sa daga wannan tambayar zai ɗaure fuska, sauran amsoshin duk su koma "Alhamdu lillahi, muna godiya ga masoya".

Tambayar da ke buɗe bakin ɗan fim ita ce ƙarama, mai nuna ka kalli aikinsa da idon basira. "Wane fim ka fi so" ba ta kai ko'ina, zai ce duka 'ya'yansa ne. Amma ka ɗauko fitowa guda, ka ce wurin nan da ka yi kuka a gaban mahaifiyarka, sau nawa aka maimaita ɗauka, kuma me ka tuna har hawaye ya zo? Ko ka tambayi yadda yake riƙe halin mutum ɗaya alhali ba a jere ake ɗauka ba. Masu kallo da yawa ba su san cewa duk fitowar da ta faru a gida ɗaya a tare ake ɗauke ta ba, ko da rabi na farkon labari ne rabi na ƙarshe, don kada a biya kuɗin wuri da mota sau biyu. Da safe mutum na ango, da azahar ya saki matar, da yamma ya koma zance wurinta. Nan aikin mai kwantiniti yake, shi zai tuna wace hula aka sa, a wane hannu agogo yake, shayin kofin ya kai ina.

Mawaƙi kuma ku tambaye shi wanne ke riga zuwa, baiti ko kiɗa, wa ke yi masa amshi, kuma labarin fim ake ba shi ya rubuta waƙa a kai ko waƙar ce ke haifar da labarin. Har yanzu akwai masu zaton jarumi ne ke rerawa. A situdiyo mawaƙi ke gama waƙar, a lokeshin a kunna ta a lasifika, jarumi ya bi da baki.

In baƙonku mai fitowa a mugu ne, ku kula da dattawa da yara. Wasu ba sa raba mutum da rawar da ya taka, za su miƙe su yi masa faɗa a kan matar da ya zalunta a fim. Mai gabatarwa ya riga su, ya tambaye shi da kansa yadda jama'a ke karɓar sa a kasuwa da masallaci, a yi dariya, zafin ya huce.

Maman Ilham:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena Ɗan Gwammaja, tunda akwai mace cikin baƙinku, akwai abin da maza ba su cika lura da shi ba.

Tambayar aure. "Yaushe za ki yi aure", "me ya fito da ke daga gidan mijinki", "wa za ki aura a cikin 'yan fim". Mai tambayar na ganin addu'a ce ko kulawa. Ku duba ta ɓangarenta: a al'adar masana'antar, mace in ta yi aure yawanci takan bar fitowa a fim, wasu su koma shiryawa daga bayan kyamara. Ashe mai tambayar na ce mata ne, a gaban mutum 250, yaushe za ki bar sana'ar da kike ci da iyayenki da ƙannenki. In kuma ta taɓa aure ya mutu, ka sosa mata inda ke ciwo. Babu wanda zai tsayar da likita ko malamar makaranta a taro ya yi mata wannan. Ku cire ta, kuma ku faɗa tun a farko cewa ba za a karɓi tambayar aure, shekaru ko iyali ba, don kada wanda aka tsallake ya ga kamar shi kaɗai aka ware. Mata 'yan fim da yawa furodusoshi ne, suna da shaguna da kamfanoni. A tambaye ta yadda take haɗa kuɗin shiri, yadda take zaɓen labari, abin da take ƙin fitowa a ciki da dalilinta.

Wajen hoto, a bar tazarar kamu biyu tsakaninta da namiji, salatif ɗin da Baban Khalifa ya ambata shi zai yi wannan aiki ba sai an yi magana ba. Babu miƙa hannu, babu dafa kafaɗa, babu matso da fuska. In kun ga tana ja da baya, ba girman kai ba ne. A 2016 MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda wani bidiyon waƙa da aka ga ta rungumi mawaƙin a ciki, kuma kowace jaruma ta san hoto ɗaya na iya jawo mata abin da zai ci mata aiki, ko da ba ita ta matso ba. Namijin da ya dafa ta zai tafi gida lafiya, ita za ta kwana ana zaginta. Ku sa mace babba mai kwarjini ta tsaya kusa da ita tun daga saukowa mota har komawa.

A tanadar mata ɗaki mai ƙofa da makewayi mai tsabta, inda za ta yi sallah ta gyara fuska, kuma babu mai shiga da waya. Ɗaukar mutum bidiyo yana cin abinci ko yana alwala cin fuska ne, ko 'yan kwamitinku ne.

A tambayi kowane baƙo tun kafin taro sunan da yake so a kira shi da shi. Wasu na jin daɗin sunan da suka yi fice da shi a shiri, wasu ya ishe su. In ba a sani ba, Hajiya ko Anti da sunanta na gaskiya ya wadatar.

Tsofaffi, masu juna biyu, masu buƙata ta musamman da yara su fara hoto, lambobin farko nasu ne. Kyauta kuwa, turare, atamfa, dambun nama, za a kawo da yawa. Kada a miƙa hannu da hannu a kan layi. A ajiye tebur da mai karɓa, a liƙa sunan mai kyautar da lambarsa a jiki, mai gabatarwa ya ambaci sunayen a yi godiya a dunƙule.

Bamaraɗe:

Ina tare da ku a yawancin maganar, amma Malam, kada tacewa ta yi yawa har taron ya zama na yabo zalla. Masoyi ba maroƙi ba ne, shi ke zuba datarsa yana kallo, yana da haƙƙin ya tambayi abu mai nauyi. Me ya sa labaran suka cika zagaye soyayya da kishi? Me ya sa ake jan shiri zango bayan zango bayan labarin ya ƙare? Me za ku ce wa iyayen da ke ganin fim na ɓata tarbiyya? Mawaƙin da ya yi wa ɗan siyasa waƙa, yana jin nauyin abin da ya biyo baya? Waɗannan a kan aiki suke, ba a kan sirrin gida ba, kuma ɗan fim mai hankali ya fi son su a kan kirari. Abin da ya kamata shi ne a sanar da baƙo tun kwana biyu kafin taro cewa za su zo, a yi su da ladabi, a sa su a tsakiya bayan ya saki jiki, ba a farko ba.

Sai neman taimako, wanda babu wanda ya taɓo. Ko a Kano ko a Maraɗi ko Damagaram, duk inda sananne ya sauka akwai mai zuwa da takardar asibiti ko ta kuɗin makaranta. Kada a kore shi, buƙata ba abin kunya ba ce. Kada kuma a ba shi makirfo. In baƙo ya ba mutum ɗaya a bainar jama'a, hamsin za su miƙe. In bai bayar ba, gobe a ce marowaci ne, shi kuma mai roƙon an ɗauke shi bidiyo yana kuka, ya zama abin kallo. A ajiye akwati a gefe, mutum ya rubuta buƙatarsa da lambarsa, ya haɗa da kwafin takardar, ba ta asali ba, domin ba lallai ta dawo ba. A miƙa wa manajan baƙo. Mai gabatarwa ya faɗa ƙarara cewa za a isar, amma babu alƙawari.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka da alheri, mun ƙaru ƙwarai. Wani abu ya taso: ɗaya daga cikinmu ya samo lamba a wani shafin Facebook mai sunan jarumin, mai lambar ya ce shi ne manaja, a tura rabin kuɗi yau ko wasu su kama ranar. Yaya za mu tabbatar?

Baban Khalifa:

Kada ku tura ko sisi tukuna. Gaggawar nan ta "yau ko a rasa" ita ce alama ta farko. Kusan kowane sanannen ɗan fim akwai shafukan bogi da sunansa, wasu ma sun fi na gaskiyar yawan sabunta hotuna. Shuɗin maki, wato alamar tantancewa da ke gaban sunan shafi, ya daina zama hujja shi kaɗai, tunda Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya fara sayar da shi a ƙarshen 2022, kamfanin Meta ma ya fito da na biya a 2023. Ku shiga sashen bayanan shafin, Facebook na nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa, Instagram ma na nuna lokacin buɗewa da sauye-sauyen suna. Shafin da bara yake tallan takalma bana ya koma sunan jarumi, kun ga amsa.

Saƙon murya ma ba hujja ba ne yanzu, ana yanko shi daga tsohuwar hira, ana kuma kwaikwayon murya da manhaja. Ku nemi kiran bidiyo kai tsaye da jarumin, ku sa ya ambaci sunan ƙungiyarku da ranar taron. Mafi inganci, tunda a Kano kuke, mutum biyu su taka zuwa ofishinsa ko na kamfanin da yake aiki da shi, yawancinsu a kewayen Titin Gidan Zoo suke, ko ku bi ta ofishin MOPPAN a haɗa ku. Sunan da ke kan asusun banki ya dace da na jarumin ko na kamfaninsa. In manaja ne zai karɓa, jarumin ya faɗa da bakinsa.

A rubuta yarjejeniya shafi guda, kowa ya sa hannu: rana, lokacin isowa da na tafiya, yawan 'yan rakiya, wa zai ɗauki nauyin mota da abinci, ko mawaƙi zai rera waƙa ko magana kawai zai yi, ko an yarda ku sa bidiyon taron a shafinku, da abin da zai faru da kuɗin in aikin lokeshin ya riƙe shi bai zo ba. Rabi a lokacin sa hannu, rabi bayan ya iso. Ku roƙe shi ya yi gajeren bidiyo na sakan 20 yana gayyatar jama'a, ya sa a shafinsa na gaskiya. Kada ku buga fosta ko ku sayar da kati kafin wannan bidiyon ya fita.

Ku kuma gargaɗi mahalarta daga kan mumbari, domin bayan irin wannan taro ne 'yan damfara ke bin lambobin mutane. Za a kira yarinya a ce jarumi ya yaba da ita, ta turo kuɗin fom ko na tantancewa, ko ta zo otal a gwada ta. Wani za a ce masa an zaɓe shi shiga zauren masoya na WhatsApp, ya karanto lambobi shida da aka turo masa. Waɗannan lambobin mabuɗin WhatsApp ɗinsa ne, yana faɗa an ƙwace, a shiga roƙon kuɗi da sunansa wurin 'yan'uwansa. Littafin nan na lambobin waya da kuka cika a bakin ƙofa ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce, kada a ɗauke shi hoto a zuba a zauren kwamiti, kuma da an gama tura hotuna a ƙona shi.